Kano, Lokacin da Kuɗi Ke da Nauyi

Idan kaka ta yi a shekarun 1950, wanda ya bi ta Bank Road a Kano ƙarar sulalla ce za ta fara dukan kunnensa. Manomin gyaɗa bai yarda da kuɗin takarda ba, kuma yana da hujja: gara na ci, gobara na lashewa, ruwan damina na jiƙawa. Shi a ba shi sule ya juya shi a tafin hannu, ko kwabo mai huji ya zura a igiya. Saboda haka kafin a buɗe cinikin gyaɗa sai jirgin ƙasa ya yi ta hauro da akwatunan tsabar kuɗi daga Ikko.

Manyan bankuna biyu ne suka riƙe garin, Bank of British West Africa, wanda jikansa ne First Bank na yau, da Barclays, wanda ya koma Union Bank a 1979. A ciki akawu ne zaune gaban ƙaton littafi, da alƙalami da tawada, yana rubuta shige da fice da hannu. Yawancinsu 'yan Kudu ne ko mutanen Gwalkwas, a Sabon Gari suke kwana, su zo aiki a kan keke. Kwabo goma sha biyu sule guda, sule ashirin fam guda, ga sisi ga taro, duk da ka ake lissafinsu. In kwabo ɗaya ya ɓace a lissafin yini, ba mai tafiya gida sai an gano inda ya maƙale.

Kuɗin kuwa a kai ake ɗaukarsa. Sule dubu biyu ake ɗurawa a jaka ɗaya, fam ɗari ke nan, shi ya sa har bayan zuwan naira a 1973 dattawa ke ce wa naira ɗari biyu jaka guda. Wakilan kamfanoni irin su UAC da John Holt, da Kwarori, da attajiran gari masu lasin sayen gyaɗa su ne ke karɓar jakunkunan, su raba wa yaransu, yaran su bazu ƙauyuka da sikeli. Kuɗin ya fita da kaka, ya dawo a hankali ta hanyar haraji da cinikin atamfa da gishiri da kananzir.

Har yau ana ba da labarin Alhassan Ɗantata, wanda ya kai ajiyarsa banki a 1929 a kan raƙuma ashirin. Amma irinsa nawa ne? Talaka bai ga wurin zamansa a wannan titi ba. Takardun da Turanci suke, ga ƙyamar kuɗin ruwa, ga shi bankin kansa ya fi sakin fuska ga kamfanin Bature in ana zancen rance. Wannan ya ci wa 'yan kasuwarmu tuwo a ƙwarya shekara da shekaru, yana kuma cikin abin da ya sa aka kafa Bank of the North dab da samun 'yancin kai.

To ina sauran jama'a ke ajiya? Mace ta zuba adashi, ko ta tara kwanoni da tasoshi a ɗaki, ko ta sayi tunkiya. Baƙon fatake ya sauka a kasuwar Kurmi ya damƙa wa fatomansa dukiyarsa, ba rasit ba sa hannu, ya tafi Gwanja ko Makka, ya dawo bayan shekara biyu a ƙirga masa abinsa cif, ko anini bai yi ciwon kai ba.