A Bar wa Sitiyari Ɗan Wasansa

Duk wanda ya daɗe da tsohuwar mota ya san akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin masu irin waɗannan motoci, wato da zarar an ji wani abu ya yi lako-lako sai a ɗauko sifana a ɗaure shi tamau. A wurare da dama wannan dabara takan yi rana. To amma akwai wuri guda a jikin mota inda ɗauri ke zama gyaran gangar Auzinawa, shi ne akwatin sitiyari. A saman wannan akwati akwai wata 'yar ƙusa da noti ke riƙe da ita, wadda take kiran hannun kowane mai karambani. Abin da muke so mu shaida wa mai karatu shi ne, wannan ƙusa ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa, kuma in an zo taɓa ta, da awo ake yi.

Motar da ta koya mana wannan darasi Volkswagen Beetle ce, wadda aka fi sani da Bitil, Yarbawa kuma suke ce mata Ijapa, wato kunkuru. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a 1978, shekara uku bayan an fara haɗa irinta a Legas a 1975. Kamfanin ya ƙera fiye da miliyan 21, kafin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko a watan Yuli na 2003. Mu dai tamu ba ta ado ba ce. Ita ke kai mu makarantar da muke koyarwa, ita ke ɗaukar yara a kujerar baya, don haka lafiyar sitiyarinta magana ce ta rai.

Sitiyarin Bitil ya bambanta da na Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wanda ke aiki da doguwar sanda mai haƙora. A Bitil, sandar da ta sauko daga hannun direba tana shiga wani ɗan akwatin ƙarfe da aka ɗaure a jikin bututun sama na ƙafar gaba. A cikin akwatin akwai wani ƙarfe mai murɗaɗɗen zare kamar na ƙatuwar ƙusa, sai kuma wani ɗan gare-gare da ke bin zaren. In direba ya juya sitiyari, zaren ya juya, gare-garen ya motsa, shi kuma ya karkata wani hannu da ke ƙarƙashin akwatin, hannun ya tura tayarod biyu, su kuma su juya tayoyi. Hikimar da ke ciki ita ce, maƙeran sun tsara zaren yadda zai fi matsewa a tsakiya, inda mota ke tafiya miƙe, ya kuma sassauta can gefe. Wanda bai san wannan ba, duk abin da zai yi wa akwatin lalube ne cikin duhu.

Da akwatinmu ya tsufa har ya fara yoyon maiko, sai muka kai shi aka kwance, aka sa sababbin boris da robobi, aka cika shi da giris, aka mayar. Murnarmu ba ta kai ko'ina ba. A kan titi motar sai ta riƙa yawo kamar akuyar da ta tsinke igiya, sai mun yi ta tarairayarta dama da hagu. In tirela ta gifta, gabanmu sai ya faɗi. A tsaye kuma, sitiyarin yakan yi wasa kusan faɗin yatsu huɗu kafin taya ta ko motsa. Wani abin ɗaure kai shi ne, in aka ɗan karya hagu sai a ji ya cije a wani gurbi.

A ɗakin malamai kowa ya zama bakanike. Kusan duk bakinsu ya zo ɗaya: a ƙara ɗaure ƙusar nan ta sama. Mu kuwa sai muka nufi wajen wani dattijon bakanike da ya yi zamani da waɗannan motoci tun suna yayi. Muka ce, "Baba, mun zo a ɗaure mana akwatin sitiyari." Ya dube mu ya yi murmushi, ya ce, "Malam, kada mu bar jaki mu daki taiki. Shiga ka kaɗa mini sitiyarin a hankali, ni kuma in ga inda motsin ke ɓacewa."

Muna kaɗawa, shi kuma yana kwance a ƙasa yana bin kowace gaɓa da ido da tafin hannu, tun daga sama har taya. Tsakanin sandar sitiyari da akwatin akwai wani faifan roba mai rage girgiza, sai ga shi ya tsattsage, sanda na juyawa amma akwatin bai sani ba. Kan tayarod ɗaya ya cinye, yana ƙwas-ƙwas. Maɗaurin da ke riƙe akwatin a jikin bututu bai ɗauru sosai ba, akwatin kansa yana ɗan gocewa. Ya ɗaga motar da jak, ya girgiza kowace taya don ya ji boris da sauran gaɓoɓi, ya kuma duba ɗan shokozoban da ke hana sitiyari karkarwa. Daga nan ya auna iska. Masu faci sun dura wa tayoyin gaba awo 30 kamar na sauran motoci, alhali injin Bitil a baya yake, gabanta ba nauyi, abin da ya dace da ita wajen 18 ne a gaba, 27 a baya. Kafin a sa sukurudireba a kan akwatin, fiye da rabin wasan ya riga ya tafi.

Saura cijewar nan ta gefen hagu. Dattijon ya juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe yana ƙirga zagaye, ya raba biyu, ya tsaya a tsakiya. Sai ga tayoyi sun kalli hagu. Ashe lokacin da aka mayar da akwatin, an daidaita tayoyi da kan sitiyari ba tare da an nemo tsakiyar zaren ba. Saboda haka in muna tafiya miƙe, gare-garen yana zaune ne a inda zaren ya sassauta, matsattsen wurin kuma ya koma gefe. Da an bi shawarar ɗaure ƙusa a wannan hali, da wasan ya ragu a miƙe, amma sitiyarin ya ƙage a tsakiyar kwana. Ya gyara tsawon tayarod biyu har tsakiyar akwati ta dace da miƙewar tayoyi, sa'an nan ya cire kan sitiyari ya mayar da shi daidai.

Sai a lokacin aka zo kan akwatin, kuma shi ma da tsarinsa. Da farko akan duba ko ƙarfen mai zare yana shiga yana fita in an kaɗa shi. In yana yi, akwai babban madaidaici a goshin akwatin da ake matsawa kaɗan-kaɗan har motsin ya ɓace, amma ƙarfen ya ci gaba da juyawa sumul. Bayan wannan ne ake komawa ga 'yar ƙusar sama, wadda ake isa gare ta in an cire safaya taya da ɗan murfin da ke bayanta. Da gaban motar a ɗage, ya juya sitiyari rubu'in zagaye daga tsakiya, ya sassauta noti, ya warware ƙusar kamar zagaye guda, sa'an nan ya mayar da ita da yatsu biyu a kan sukurudireba har ya ji gare-garen ya taɓa zaren. Nan ya tsaya cak, ya riƙe ƙusar, ya ɗaure noti. Da aka sauke motar, ya auna wasan a bakin kan sitiyari. Ƙa'idar ita ce kada ya wuce milimita 25, wato kimanin inci ɗaya.

Muka ce, "Baba, ai har yanzu da ɗan saura." Ya ce, "Wannan sauran shi ne numfashinsa, Malam. In ka toshe shi, ƙarfe zai ci ƙarfe." Ya sa muka fita gwaji, muka sha kwana a hankali, muka sassauta hannu. Sitiyarin ya komo da kansa kusa da tsakiya. Ya ce wannan ita ce shaidar. Sitiyarin da aka matse ba ya komowa, sai direba ya jawo shi da ƙarfi, kuma ran da yaro ya faɗo titi, wannan ɗan jinkirin ya isa ya jawo abin da ba a so.

Akwai kuma wata gaskiya da ya kamata mai tsohuwar mota ya haɗiye. Sabon boris da sabon giris ba sa mayar da zaren da ya cinye. Da yake mota ta fi tafiya miƙe, tsakiyar zaren ce ke fara lalacewa. In ta yi rami, duk ɗaurin da zai kashe wasa a tsakiya zai sa gefe ya cije, a yi garin neman gira a rasa ido. Irin wannan akwati ba ya karɓar gyara, sai canji, komai tsadarsa. Namu dai zarensa na da sauran rai, shi ya sa ya karɓi daidaitawa.

Aikinmu na koyarwa ya sa ba mu ji wannan darasi baƙo ba. Sau da yawa akan kawo mana ɗalibi a ce ya lalace, a matsa masa, alhali in aka bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya sai a tarar yunwa ce, ko ido ne ba ya ganin allo. Matsi ba ya gano cuta, sai dai ya ɓoye ta zuwa wani lokaci.

Saboda haka, ya kai mai tsohuwar mota, in sitiyarinka ya fara wasa, fara da iskar taya, ka bi ta kan boris da tayarod da faifan roba da maɗauri, ka tabbatar da tsakiya, sa'an nan ka kusanci ƙusar nan da hannu mai sauƙi. In ka rage wasan ya dawo cikin ƙa'ida, bar masa abin da ya saura. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya, amin.