Neman abin taɓawa a GRA ta Maiduguri ga yaron da jininsa bai haɗu da gyaɗa ba

Sai La'asar ta yi sakaliya Tsohuwar GRA ta Maiduguri take farkawa. Inuwar darbejiya ta rufe titin Shehu Laminu da na Circular, masu tsire sun fara hura wuta, iyalai kuma sun fara fitowa da yara, wasu a mota, wasu a Keke Napep, tunda an hana hawa babur a garin tun 2011. Unguwar da Turawan mulki suka keɓe wa manyan ma'aikata ta sauya kama a shekarun nan. Gidaje da dama sun koma ofisoshin ƙungiyoyin agaji da masaukin baƙi, a gefensu kuma an buɗe shagunan shawarma da na askirim da gidajen biredi masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki.

Ga yawancin iyaye wannan fita ce ta shan iska. Amma akwai gidajen da fitar ke zame musu lissafi, su ne masu yaron da ke borin jini idan ya ci gyaɗa, abin da likitoci ke kira alaji. Jikin irin wannan yaro yana ɗaukar sinadarin da ke cikin gyaɗa tamkar guba. Cikin mintuna kaɗan leɓe ya kumbura, jiki ya yi rudu-rudu, amai ya biyo baya, idan abin ya yi tsanani maƙogwaro ya toshe. Ɗan ɓurɓushi ya isa ya tayar da shi, kuma dafawa ko suya ba sa kashe sinadarin.

A bakin gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wanda ambaliyar madatsar Alau ta yi wa mummunar ɓarna a Satumban 2024, masu talla kan yi dafifi ranakun Sallah da ƙarshen mako. Nan ne aikin uwa ya fi sauƙi, domin gyaɗar tana bayyane: soyayya a ƙulle, kantun gyaɗa, ƙuli-ƙuli, gugguru da aka cakuɗa da ita. Yaro ɗan shekara biyar ma zai iya koyon kauce musu. Waɗanda ke buƙatar tambaya su ne dakuwa, wadda gyaɗa ke cikin haɗinta, da gireba, wadda ake kwaɓawa da mai, da kantun riɗi, wanda sau da yawa tukunya ɗaya ake yin sa da na gyaɗa, a kuma jera su a tire ɗaya.

Da aka nufi Polo da titin Damboa, wajen masu nama, sai gyaɗar ta ɓuya. Tsire dai kowa ya san da garin ƙuli ake baɗe shi, kilishi kuma labunsa tunkuza ce. Abin da ke yaudarar mutane shi ne balangu da gasasshiyar kaza da kifi. Uba zai ce a ba shi wanda babu ƙuli, mai nama ya yanka masa a kan katakon da ya gama yanka tsire, da wuƙar da bai goge ba, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda. Yajin nan kuwa da wuya a same shi babu ƙuli a ciki. Shi ne kuma ake zubawa a kan soyayyiyar fara, wadda baƙo ba ya barin Maiduguri bai ɗanɗana ba, da awara da ƙosai da dankali. A ganina, a duk abincin titi babu abin da ya kai yaji haɗari ga irin wannan yaro, saboda babu mai ɗaukarsa a matsayin gyaɗa. Ka tambayi mai awara ko akwai gyaɗa a kayanta, za ta ce babu, kuma ba ƙarya ta yi niyyar yi ba.

Sai batun mai, kuma a nan harshenmu ne ke rikitar da mu. A Hausa duk farin man girki sunansa man gyaɗa, ko na waken suya ne, ko na kwakwar manja da kamfani ya tace. Saboda haka tambayar ko da man gyaɗa aka soya ba ta da amfani, amsar kullum e ce. Tambayar da ke aiki ita ce: man ƙuli ne na gida, ko na jarkar kamfani? Idan na jarka ne, a roƙi arziƙin ganin jarkar a karanta abin da aka rubuta. Man gyaɗa na gaske da kamfani ya tace sosai an raba shi da kusan dukkan sinadarin da ke tayar da borin, yawancin masu alaji ba ya yi musu komai. Man ƙuli da mata ke matsewa a gida kuwa yana ɗauke da shi, kuma shi ne masu masa da ɗanwake da sinasir suka fi so saboda ƙamshi. Man awo da ake ɗurawa a kwalba a kasuwa babu mai iya rantsewa a kan abin da ke cikinsa, don haka a bar shi.

Yana da kyau kuma a tuna garin da ake ciki. Kowa na jin Hausa a Maiduguri, amma dattijuwa mai tuya da yarenta Kanuri ne za ta fi saurin gane ka idan ka ce kolji, wato gyaɗa.

Shagunan zamani su ne suka fi ba ni tunani. Mutum ya shiga ya ga fitilu da tayil da ma'aikata cikin riga iri ɗaya, sai hankalinsa ya kwanta fiye da yadda ya kamata. Yaron da ke karɓar kuɗi ba shi ya haɗa naman shawarma ba, kuma masu shawarma da yawa suna jiƙa kazarsu da yajin tsire. A wajen askirim, ludayi ɗaya ke yawo daga mazubi zuwa mazubi, ga dakakkiyar gyaɗa ta ado a gefe. A gidan biredi, kek da fanke da cincin kan fito daga faranti ɗaya babu takardar da ke faɗin abin da ke ciki. Ba a Najeriya kaɗai ake wannan ba. A Ingila sai da wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta rasu a 2016 bayan ta ci biredin da ke da riɗi a ciki ba tare da an rubuta ba, sannan aka yi dokar da ta fara aiki a 2021, wadda ta tilasta wa shaguna rubuta kayan haɗin abincin da suka naɗe da kansu.

Shagon da ya cancanci a amince da shi, a GRA ko a ko'ina, ana gane shi ne da yadda ya karɓi tambaya. Idan aka ce bari a kira mai girki, ya fito ya lissafa abin da ya zuba, ya nuna jarkar mai, ya yarda ya wanke wuƙa da faranti kafin ya haɗa na yaron, to an samu wuri. A riƙe shi, a riƙa zuwa lokacin da babu cunkoso, a kuma sake tambaya kowane zuwa, domin mai girki kan sauya. Idan kuwa aka yi murmushi aka ce babu komai, a ci kawai, gara a yi sallama cikin mutunci. Ni na fi natsuwa da mai gasa masara da nake kallon hannunsa a kan shago mai ƙyalli da kicin ɗinsa ke bayan bango.

A manyan kantuna aikin karatu ne. Ƙa'idar NAFDAC ta ce a bayyana gyaɗa a jikin kayan da aka rufe a kamfani, sai dai kantunan Maiduguri cike suke da biskit da cakulan daga ƙasashe daban-daban. A Turanci a nemi peanut ko groundnut ko arachis. Kayan da suka shigo ta Kamaru da Chadi da Faransanci suke zuwa, a nan kalmar arachide ce ko cacahuète, na ƙasashen Larabawa kuma ful sudani. Inda aka rubuta may contain, ma'ana injin da ya yi wannan ya taɓa gyaɗa, a mayar da shi kan kanta. Sandunan hatsi da zuma da ake tallatawa a matsayin abincin lafiya na yara sau da yawa suna ɗauke da wannan gargaɗi.

Akwai abu biyu da suka shafi Borno musamman. Na farko shi ne Plumpy'Nut, abincin yara masu tamowa da ke zuwa cikin ƙaramar leda. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madara da sukari, ya ceci rayuka masu yawa a jihar, amma an sha kokawa cewa ana karkatar da shi zuwa kasuwa, yara na tsotsarsa kamar alawa. Na biyu shi ne garin kunun Tom Brown da ƙungiyoyi suka koya wa mata haɗawa, na hatsi da waken suya da gyaɗa. Maƙwabciya za ta iya miƙa wa yaro ɗaya daga cikinsu da kyakkyawar niyya.

To me ya rage masa? Ba kaɗan ba. Ayaba da lemu da mangwaro da aka saya da ɓawonsu, kankana da aka yanka a gabanka da wuƙa mai tsabta, rake, goruba, dabinon da aka wanke, gasasshiyar masara, dafaffen ƙwai da gishiri kawai, yogot na kamfani a rufe. Zoɓo ba shi da matsala a haɗinsa. Kunun aya kuwa, duk da aya ba dangin gyaɗa ba ce, sai an san inda aka markaɗa ta, domin injin unguwa guda ne ke markaɗa aya da gyaɗar kunu.

Idan aka haye gadar Legas aka miƙi titin Bama, ana isa Sabuwar GRA da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Iyayen irin wannan yaro ya kamata su san hanyar nan da ta Asibitin Ƙwararru na jiha kamar yadda suka san hanyar gidansu. Idan yaro ya ci wani abu sai murya ta dushe, numfashi ya fara shaƙewa, harshe ya kumbura ko jiki ya saki, maganin allurar adirenalin ce a gefen cinya, ba tare da ɓata lokaci ba. Piriton yana rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ya buɗe maƙogwaro. Kada a ɗura masa manja ko madara. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, idan numfashi na yi masa wuya a zaunar da shi, kada a sa shi tafiya da ƙafa. A gaya wa ma'aikacin farko da aka tarar cewa gyaɗa ya ci kuma yana da alaji. Ko ya warware a bar shi a asibiti na wasu sa'o'i, domin borin kan dawo. Allurar da uwa za ta iya yi da kanta, irin su EpiPen, ba kasafai ake samun ta a kemis ba kuma tana da tsada. Wanda ya samu kada ya bar ta a mota, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Shi ma tabbatar da cutar aikin likita ne. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan 'yan makaranta a Ghana ya gano yara da yawa da gwajin jininsu ya nuna alamar alajin gyaɗa alhali suna cin ta lafiya lau, aka kuma danganta hakan da cutar tsargiya. Don haka takardar gwaji ita kaɗai ba ta isa a raba yaro da kunun gyaɗa ba, sai an haɗa da labarin abin da ya faru lokacin da ya ci. Haka nan kada tsoro ya sa a hana ƙannensa. Binciken da aka yi a Landan kan jarirai 640, wanda ya fito a 2015, ya nuna fara ba jariri gyaɗa da wuri yana rage yiwuwar kamuwa da kusan kashi 80 cikin 100. A gidan da yaya ke da alaji, likitan yara ne zai faɗi lokacin da za a fara ba ƙanin da kuma inda za a yi gwajin farko.