Ranar da Muka Tarar da Safayarmu Ba Iska

Da yawanku kun ji cewa taya ta fashe mana a hanyar Sheme lokacin da muka kai kayan godiyar kaka Sabuwa. Ranar Lahadin da ta biyo baya mun tsaya gaban ikkilisiya mun ba da shaida, aka yi tafi, aka yi godiya. Amma rabin labarin muka faɗa. Sauran rabin ya shafi laifinmu, mu 'yan kwamitin zumuntar matasa, kuma mun ga ya kamata ku ji shi.

Mu bakwai ne muka tashi daga Ƙanƙara ranar Asabar a tsohuwar motar ikkilisiya. Bayanta cike yake da buhu huɗu na masara da ƙunshin tufafi da iyayenmu na zumuntar mata suka tara wa 'yan'uwa da suka baro ƙauyukansu suka raɓe a garin Sabuwa. Shirinmu shi ne mu bi ta Sheme a ƙasar Faskari, mu faɗa Funtuwa, mu yanki Dandume, mu isa da sauran rana. Baba Fasto ya ce mu tashi da ƙarfe goma na safe. Koyon waƙa ya riƙe mu, ba mu bar gari ba sai wajen ƙarfe biyu.

Duk wanda ya girma a wannan yanki ya san abin da lokaci yake nufi a kan hanya. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe yara sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe wa motocin haya wannan hanya ta Ƙanƙara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wasu cikinmu sun yi makonni a lokacin ba su ji muryar iyayensu ba. Shi ya sa direba yakan taka mota a wannan hanya fiye da yadda ya kamata, kuma ba mai ce masa ya rage.

Haka muke gudu har muka zo inda damina ta cinye gefen kwalta. Wata babbar mota ta taho, direbanmu ya kauce mata, sai tayar gaba ta dama ta faɗa rami mai kaifin baki. Ƙarar ta yi kama da ta bindiga, har ma'ajiyarmu ta dunƙule ƙasan kujera. Motar ta fara ja dama. A nan muka ga amfanin tafiya da wanda ya san aikinsa. Yayanmu direba bai danna birki da ƙarfi ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗage ƙafa daga totur, ya bar motar ta rage gudu da kanta, sannan ya taɓa birki a hankali har muka tsaya a gefe inda ƙasa take da tauri. Daga baya ya ce mana da ya taka birki da ƙarfi da wannan kaya a baya, da motar ta juya da mu.

Muka fito jiki yana rawa. Gonakin dawa ne hagu da dama, ba gida ko ɗaya a kusa, waya kuma layi ɗaya take nunawa ya ɓace. Yaya ya ce, "Ku yi addu'a a zuci, hannu kuma ya yi aiki." Ya ja birkin hannu, ya sa giya ɗaya, ya kunna sigina biyu. Ya aiki mutum biyu su karyo ganye su jera a kan hanya nesa da mota, gaba da baya, tare da alamar nan mai kusurwa uku. Wani ya kawo dutse aka tokare tayar baya ta hagu. Muka sauke buhunan nan duka, domin safaya da jak suna ta baya, kuma ba a ɗaga mota da kaya a cikinta.

Yawancinmu ba mu taɓa canja taya ba. Ranar muka koya. Ana sassauta notin taya tun motar tana ƙasa, kafin a sa jak, in ba haka ba tayar juyawa kawai za ta yi ta yi. Ana sa jak a daidai wurin da aka yi dominsa a ƙarƙashin mota, a shimfiɗa masa katako ko faffaɗan dutse kada ya nutse. Ba wanda zai sa kai ko ƙafa a ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Duk wannan ya tafi daidai. Muka cire tayar da ta fashe, muka mirgino safaya. Yaya ya danna ta da babban yatsa, yatsan ya lotsa. Ba iska a cikinta ko kaɗan.

Ba wanda ya yi magana, domin dukanmu mun san labarin wannan safaya. Tun cikin damina Yaya ya zo zaman kwamiti ya ce tayoyin gaba sun cinye, safaya kuma tana sace iska. Aka ware kuɗi. Sai taron matasa na shekara ya matso, lasifikarmu ta lalace, muka ce ai taya tana iya jira, muka karkatar da kuɗin. Ɗaya daga cikinmu har ya ce Allahn da muke yi wa aiki ba zai bar mu a hanya ba, muka amsa da amin. Yaya bai yi musu ba, ya ce kawai, "To, na dai faɗa muku." Yanzu ga mu a tsakar daji, ƙarfe uku ta wuce, muna kallon abin da amin ɗinmu ta haifa.

Muna tsaye sai muka ji ƙarar babur daga cikin gonaki. A ƙasarmu yau ƙarar babur daga daji ba ƙaramin abu ba ce. 'Yan matan suka koma bayan mota, wasunmu suka fara duban inda za su ruga. Sai ga wani dattijo da rawani ya rufe rabin fuska saboda ƙura, da dami biyu na dawa a baya. Shi ma da ya hango taron samari a bakin hanya sai ya tsaya daga nesa yana nazarinmu. Mun ɗan jima a haka, muna tsoronsa yana tsoronmu.

Shugabanmu ne ya daure ya matsa. "Sannu da aiki, Baba. Taya ce ta fashe mana, safaya kuma ba iska."

Ya kalli buhunan, ya kalli rubutun da ke jikin motar, wanda ya nuna sarai ko mu su wane ne. Ya ce, "Yara, nan ba wurin tsayawa ba ne. Ɗaya ya hau da tayar, akwai mai faci a Sheme."

Ya kwance damin dawarsa ya ajiye a wurinmu. Sakatarenmu ya hau ya rungume safaya a cinya, suka tafi. Ba za mu ɓoye muku ba, suna ɓacewa sai shakka ta kama mu. Wani ya ce mun miƙa ɗan'uwanmu ga wanda ba mu sani ba. Ma'ajiya ce ta nuna damin dawa ta ce, "Shi ma ya bar mana abincin gidansa, kuma bai san mu ba." Muka yi shiru, muka kama hannu muka yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa. Motoci uku suka wuce da gudu, ba wadda ta tsaya, kuma ba mu ga laifinsu ba. Da mu ne a ciki, ƙila mu ma da mun wuce.

Kusan minti hamsin suka yi. Mai faci ya gano bawul ne yake sace iska, ya canja shi, kuɗin bai kai na kwanon abinci biyu ba. Abin da ya kusa sa mu kwana a daji ke nan. Muka ɗaura safaya, Yaya ya nuna mana yadda ake ɗaure noti a gicciye, wannan sai na gabansa, a sauke jak sannan a ƙara tamkewa. Muka haɗa kuɗi za mu ba dattijon, ya ƙi. Da muka matsa sai ya karɓi na mai kawai. Ya ce, "Ku tafi yanzu, kada ku tsaya gaisuwa. Allah ya kiyaye hanya." Ya ɗaure dawarsa ya ce zai je ya yi la'asar. Ko sunansa ba mu tambaya ba.

Mun sha karanta misalin da Ubangiji ya bayar a Luka sura 10 na mutumin da aka bari a hanyar Yariko. Duk lokacin da muka yi nazarinsa, kanmu muke sawa a wurin mai taimako. Ranar nan mu ne a yashe a gefen hanya, wanda ya tsaya mana kuma shi ne mutumin da muka fara zargi. Wannan ya ba mu kunya, kuma muna roƙon kada kunyar ta wuce mana da wuri.

A Funtuwa muka kai tayar wurin wani mai faci, muna tsammanin liƙi kawai za a yi. Malamin ya juya ta ya nuna mana tsaga biyu a gefe. Ya yi mana bayani cewa idan taya ba ta da isasshiyar iska, mota kuma ta yi nauyi, bakin rami yakan matse gefen tayar da ƙarfen wili har zaren da ke ciki ya tsinke. Hujin ƙusa a inda taya take taka ƙasa ana iya liƙe shi. Tsagar gefe ba ta liƙuwa, domin wurin lanƙwashewa yake yi duk juyin da taya ta yi. Ya ce, "Wani zai sa muku tib a ciki ya karɓi kuɗinku. Ni ba zan ɗora mutum bakwai a kanta ba." Bakin wilin ma ya lanƙwashe, amma da yake na baƙin ƙarfe ne ya buge shi da guduma ya miƙe.

Sai ya zagaya motar da fitila, ya kira mu. Tayar baya ta dama, wadda ta bi 'yar'uwarta cikin ramin, ta yi ƙulu kamar ƙwai a gefe. Zarenta ya tsinke, iska ce take turo roba. A kanta muka yi gudu daga wajen Sheme har Funtuwa ba mu sani ba. Ya kuma nuna mana lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT a jikin taya: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Tayarmu ta gwanjo ce, ta haura shekara tara. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi da na gwanjo. Mun sha ji a rediyo, muka ɗauka da 'yan tasha ake.

Magariba ta yi. Wasu suka ce mu sayi taya mu ƙarasa, tunda 'yan'uwa suna jiranmu. Muka kira Baba Fasto. Ya ce, "'Ya'yana, masara ba ta ruɓewa a dare ɗaya. Ku kwana." Muka kwana a wurin 'yan'uwa a Funtuwa, wani dattijon ikkilisiya ya ranta mana kuɗin taya biyu. Da safe Yaya ya sake tamke notin, muka bi ta Dandume, muka isa Sabuwa ana shirin fara sujada. Wata tsohuwa da ta ga buhunan ta ce tun jiya suke yi mana addu'a da suka ga ba mu iso ba.

Allah ya kiyaye mu, wannan ba mu shakkarsa. Amma tun da muka dawo muke tunanin maganar nan da muka amsa da amin. Mun kira ta bangaskiya, alhali sakaci ne muka sa wa rigar Lahadi. A Matiyu sura 4, da Shaiɗan ya ce wa Ubangiji ya diro daga kan Haikali tunda mala'iku za su tare shi, ya ƙi, domin ba a gwada Allah. A Nehemiya sura 4, masu ginin garun Urushalima sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana. 'Yan mata biyar na Matiyu sura 25 suna da fitilu kamar sauran, mai ne ba su tanada ba. Mu ma muna da safaya, kowa ya leƙa zai gan ta.

Mun nemi gafarar Yaya direba a gaban kwamiti, domin shi ya faɗi gaskiya muka ƙi ji, shi ne kuma ya ɗauki nauyin rayukanmu a sitiyari. Mun fara biyan bashin taya daga aljihunmu, ba mu taɓa baikon zumunta ba. Mun kuma yanke cewa motar ba za ta sake barin Ƙanƙara ba sai an auna iskar tayoyi biyar, har da safaya, da safe kafin su ɗau zafi, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Mun sayi famfon ƙafa da katakon jak mun ajiye a bayan mota. Tafiyar da ba a tashi kafin sha biyu ba, an ɗaga ta sai gobe.

Ranar Asabar ta farkon wata, bayan koyon waƙa, Yaya zai koya wa duk mai so canja taya a harabar ikkilisiya. 'Yan mata ma ku zo, ma'ajiyarmu ta riga ta rubuta sunanta. Masu babur da masu mota a cikinmu, ku duba naku tayoyin a wannan mako. Idan kuna addu'a, ku tuna da 'yan'uwanmu na Sabuwa da har yanzu ba su koma gonakinsu ba, da duk masu bin hanyar Sheme, da dattijon nan mai damin dawa da iyalinsa.

Ubangiji ya tsare fitarmu da shigarmu. Amin.