Kwana 15 na kakanmu a gidan kaso

Yau labarin na gidanmu ne. Ba za mu kama suna ba, ba za mu faɗi gari ba, don waɗanda abin ya shafa suna raye.

Bara anka zo neman auren ƙanwarmu. An kai goro, an yi gaisuwar iyaye, sai magana ta tsaya cik. Da munka bi diddigi, ashe wajen binciken asali wani tsoho ya ce ma dangin yaron: "Gidan kirki ne, amma kakansu ya yi kaso." Yarinya ta kwana uku ba ta ci tuwo ba.

Mu dai abin da munka sani game da kakan nan, wanda ya haifi babanmu, shi ne "ya taɓa yin tafiya". Iyakarta ke nan. Cikin jikokin gidan kaf babu takwaransa, kuma ba mu taɓa tambayar dalili ba. Sata ya yi? Kisa ne? Munka ce gara mu sani.

Ƙanenmu da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni ya je gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai, ya yi kwanaki yana duba rahotannin zamanin kumandan. Sunan kakanmu bai fito ba. Nasara yana rubuta suna yadda kunnensa ya ji daga bakin tafinta, kuma Abdu ɗan wane sun fi a ƙirga. Amma ya dawo da abin da ya fi suna amfani, wato dokar da ake kulle mutane da ita. Sunanta indijena. A ƙarƙashinta kumandan na iya kulle talaka har kwana 15 ba tare da an je gaban alƙali ba, don jinkirin biyan lanho, ko ƙin aikin dole, ko abin da ya ga raini ne. Sai a 1946 anka soke ta, kuma ran 11 ga Afrilu na wannan shekara dokar Houphouët-Boigny ta hana aikin dole.

Da wannan munka tafi ƙauye wajen Gwaggo, yayar babanmu, wadda ta kai shekara 80. Ta dube mu ta ce: "Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Amma tunda kun tambaya, ku zamna."

Ta ce an aiko kowane gida ya ba da mutum guda aikin hanya, shi anka ba da. Dutse a ka tun safe har maraice, ga bulala. Wani dare ya sulale ya ƙetara Ingilishi, wajen Sakkwato, ya yi damina biyu can. Da ya ji uwarsa ba ta lafiya ya komo. Ran kasuwa gardi ya kama shi, anka ɗaura masa igiya a ƙugu gaban jama'a. "Kwana goma sha biyar yay yi," in ji Gwaggo, "bai ɗauki ko allurar kowa ba."

Wallahi mun ji daɗi. Har mun fara shirin rubuta labarin jarumi a Facebook. Sai ƙanwar tamu, mai auren, ta ce: "Gwaggo, su biyar ne maza a gidan. Don mi shi anka ba da?"

Tsohuwa ta yi shiru, sannan ta ce: "Don uwa tai ba ta da mai tsaya mata."

A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, baban kakanmu yana da hatsi a rumbu. Ya ba da damman gero ya karɓi yarinya ƙarama, ya ajiye ta wahaya bayan matansa huɗu, ba sadaki ba ɗaurin aure. Ita ta haifi kakanmu. A lokacin an riga an hana cinikin mutane a ƙasashen da Faransa ke mulki a Afirka ta Yamma tun Disamba 1905, amma babu wanda ya kira shi gaban kowa. Shi ne wanda maroƙa ke wasawa a kowane bikin gidanmu, shi ke da takwara a kowane ɗaki. Gwaggo ta ji labarin daga bakin matar da kanta, kuma har ta rasu ba ta sake ganin garinsu ba.

Kun ga yadda abin yake. Wanda anka kulle bai cuci kowa ba, wanda ya yi cutar kuwa babu takardar da ta san shi.

Kar mu ce zancen da ne. Hadijatou Mani, a nan jihar Tawa, an sayar da ita a 1996 tana shekara 12 a kan jika 240. Bayan an ba ta takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai kotu a Ƙonni ta yanke mata wata shida, wai ta yi aure kan aure. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ce ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Wanda zai ji kawai "ta yi kaso" bai ji komai ba.

Mun yi gardama a gida. Wasu sun ce a faɗa ma surukai zancen aikin dole kaɗai, don a ƙasarmu zancen bauta ya fi kaso kashe aure. Ƙanwarmu ta ce a faɗi duka, ba ta son shiga gidan da za a tono shi daga baya. Baffanmu ya je ya faɗi duka. Sun yi sati biyu ba amsa, wasu cikin danginsu sun janye, amma uban yaron ya aiko da ranar ɗaurin aure. An ɗaura bayan sallar layya.

In kuna da irin wanga kaka a gida, ku fara da tsofaffin mata tun suna raye, ku ɗauki muryarsu a waya in sun yarda. Ku tambayi wace doka ce ta kama shi, wa ya miƙa shi. Ku shirya ma jin cewa laifin na gaske ne, don ba kowane ɗan kaso anka zalunta ba. Kuma kar ku baza sunan kowa a intanet, jikokin ɗaya gefen maƙwabtanku ne.

Ƙanwarmu ta ce in Allah Ya ba ta namiji sunan kakanmu zai ci, in mace ce sunan uwarsa. Gwaggo ta faɗa mana sunan da iyayenta sunka raɗa mata, ba wanda gidanmu ya laƙa mata ba. Allah Ya jiƙan su, Ya yafe mana baki ɗaya.