Kwana Uku A Bakin Kogin Wudil

Wudil gari ne da kowa ya san sunansa, amma kaɗan ne suka taɓa taka ƙasarsa. Matafiyin da ya bar Kano zai nufi Dutse ko Azare ko Maiduguri, iyakarsa ya ratsa ta kan gada, ya leƙa ruwa ta tagar mota, in direba ya tsaya ya sayi soyayyen kifi. Alhali kuwa tsakanin garin da birni kimanin kilomita 40 ne kacal. Don haka da aka ba mu hutun zangon farko, na gama duba takardun jarrabawar ɗalibaina, sai na ɗauki 'yar jakata da littafin rubutu na sauka gidan wani abokin karatuna, da niyyar in bi bakin kogin da ƙafa har kwana uku.

Ranar Laraba ina idar da sallar asuba na fita, hazon hunturu ya lulluɓe ruwa. Daga gindin gada na bi inda ruwa ya gangara. Na fara iske 'yan yashi suna loda wa tifa, gaba kaɗan ga mata da yara suna wanki, sannan na faɗa cikin fadamu, inda tumatir da albasa da tattasai suka yi kore shar, injin ban ruwa na ta ƙugi. Tafiya a kan rairayi ba wasa ba ce, domin kuwa kafin hantsi ya dubi ludayi ƙwaurina sun ɗauki ciwo.

Kashegari na yi gamo da wani dattijo masunci yana gyaran koma a inuwa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, yaya ruwa?" Ya dube ni ya ce, "Malam, ruwa kam ga shi nan, kifi ne ya yi ƙaura." Ya ce a ƙuruciyarsa kogin kan ƙafe da rani, sai 'yan gurabe nan da can, da damina kuma ya tumbatsa ya malale fadamu, kifi ya bi shi ya yi ƙwai cikin ciyawa. Yanzu ruwa ba ya yankewa duk shekara, amma wancan malalar ta kowace damina ta ragu.

Abin da dattijon nan ya gani da ido shi ne muke karantawa a littattafan labarin ƙasa. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama wannan ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, tun daga nan hannun ɗan Adam ne ke sakin ruwan. Manomin rani ya samu, masunci kuwa ya ga canji. Daga Wudil ruwan kan wuce Haɗeja, ya ratsa dausayin Nguru, abin da ya yi saura ya bi Kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Ɗalibaina za su zana maka Kogin Nilu a allo, amma da wuya ka sami wanda zai kawo maka wannan hanya.

Da hira ta yi daɗi sai ya shiga jero mini sunayen kifi: karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, kurungu, gaiwa, tsage, kawara. Ya nuna mini bambancin koma da birgi da mamari, da yadda ake kifa ciki a kan gora a ratsa ruwa. Na tambaye shi ko 'ya'yansa sun gaje shi, ya ce ɗaya na haya da babur, ɗaya yana wajen yashi. Bai faɗa da ɓacin rai ba, amma ni maganar ta tsaya mini.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, na shiga kara. Ga farare ga bakoloji, ga dillalai na ta cinikinsu, ga manyan motoci ana loda shanu za a yi Kudu. Nan ma na ji kalmomin da ban taɓa cin karo da su a littafin hikaya ba.

To, 'yan'uwana marubuta, ga inda na nufa. Sau nawa muke ɗaukar taurarin labaranmu mu kai su Landan ko Dubai, wuraren da yawancinmu ba mu taɓa zuwa ba, mu bar masunci da ɗan yashi da dillalin shanu babu mai ba da labarinsu? Ranar da irin dattijon nan suka kau, da kalmominsu za su tafi, kuma ba ƙamus ɗin da zai maido da yadda ake faɗarsu. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mai son ya iya rubutu ba sai ya nemi fasfo ba. Ya nemi takalmi mai ƙwari da biro, ya zaɓi gari guda kusa da shi, ya sauka daga mota, ya gai da mutane, sannan ya yi shiru ya saurara.