Kuɗin Da Ba Su Da Mai Gida

A wannan wata ina so mu yi magana a kan wani abu da ya shigo mana Zongo ta cikin wayar hannu, wato kuɗin kirifto, waɗanda wasu ke kira kuɗin intanet. Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa, ban taɓa riƙe shago ba. Amma da yake yaran da suka bi ta hannuna yanzu su ne samarin Ash Town da Aboabo da Asawase, kuma su ne ke kai wa iyayenmu wannan magana har cikin ɗaki, na ga yin shiru bai kamace ni ba.

Da farko, mene ne kuɗin kirifto? Na farkonsu shi ne Bitcoin, wanda ya fito a shekarar 2009 daga hannun wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto, har yau kuwa ba a tabbatar da ko wane ne ba. Ba takarda ba ne, ba ƙarfe ba ne. Rubutu ne a cikin wani kundin lissafi wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa. Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na ɗaya, duk wanda mabuɗin sirrin asusu ke hannunsa, shi ne mai kuɗin, ko da sato mabuɗin ya yi. Na biyu, in kuɗi suka fita sun fita ke nan, babu manajan banki da za ka je ka yi wa kuka ya dawo maka da su.

To, mu kwatanta wannan da cinikin da ya kafa Zongo. Kakanninmu fataken Gwanja ne. Daga Kano da Katsina da Sakkwato suka riƙa kore jakuna zuwa Salaga neman goron Asante, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma da yawa suka watsu, wasu daga baya suka zauna a nan Kumasi. Alhassan Ɗantata kansa da goron ƙasar nan ya yi ƙarfi, yana aika shi Ikko ta jirgin ruwa. Yawancin wannan ciniki bashi ne, ba takarda, ba sa hannu. Me ya riƙe shi? Mai gida. Baƙo ya zo da shanu daga arewa, ya sauka a gidan mai gida, dillalin mai gida ya nemo mahauci, mahauci ya ɗauki sa bashi. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai tsaya, domin gidansa ba ya gudu, sunansa kuma shi ne jarinsa. Har wata Baturiya mai suna Polly Hill ta yi rubutu a kan wannan tsari da mahautan Kumasi a 1966. Kowane kuɗi a wancan zamani yana da fuskar da za a je a tsare.

Kuɗin kirifto an gina su ne don a yi ciniki ba tare da mai gida ba. Masu son su na ganin wannan shi ne daɗinsu. Ɓarayi ma haka suke gani.

Satar da ake yi a wannan duniya iri uku ce. Ta farko ita ce ta masu kutse, waɗanda ke fasa rumbun kamfani daga nesa. A 2014 wata kasuwar Bitcoin mai suna Mt. Gox a birnin Tokyo na Japan ta rufe, ta ce Bitcoin wajen 850,000 sun ɓace. A watan Fabrairu na 2025 aka kwashe wa kamfanin Bybit abin da ya kai dala biliyan ɗaya da rabi a rana guda, hukumar FBI ta Amurka kuma ta ɗora laifin a kan masu kutsen Koriya ta Arewa. Ta biyu ita ce cin amanar mai ajiya. Kamfanin FTX ya durƙushe a watan Nuwamba na 2022 bayan an gano ana ɗibar ajiyar mutane ana wata harka da ita, kuma a 2024 kotun Amurka ta yanke wa mai shi, Sam Bankman-Fried, ɗaurin shekara 25. In manyan kamfanoni masu injiniyoyi da lauyoyi sun sha wannan kashi, ina ga mai sayar da atamfa a Kejetia?

Amma gaskiyar magana, waɗannan biyu ba su cika isowa ƙofar gidajenmu ba. Ta uku ce ke cin mu, ita kuwa ko kwamfuta ba ta buƙata sosai. Tsohuwar damfara ce aka sa wa sabuwar riga: a karɓi kuɗin na baya a biya na gaba, a ce riba ce. Wani Charles Ponzi ya yi ta a birnin Boston a 1920, da alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45. Mu ma a Ghana mun san ta. Iyayenmu sun ga Pyram a tsakiyar shekarun 1990. Mun ga DKM ta Sunyani a 2015. Mun ga Menzgold, wadda ta yi alkawarin kashi 7 zuwa 10 a kowane wata da sunan zinariya, har hukuma ta dakatar da ita a watan Satumba na 2018. A wannan shekara ta 2018 ne kuma rigar kirifto ta bayyana sosai, lokacin da Global Coin Community Help ta karɓi kuɗin mutum fiye da 100,000 da alkawarin kashi 27 cikin ɗari a wata, ba tare da lasisin Bankin Ghana ba, har hukumar EOCO ta kama shugabanninta.

'Yan'uwanmu na Najeriya ma ba su tsira ba. MMM ta wani ɗan Rasha, Sergei Mavrodi, ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta kulle asusun mutane a watan Disamba na 2016, da ta dawo kuma sai ta ce a riƙa biya da Bitcoin. A watan Afrilu na 2025 CBEX ta rufe, bayan ta yi alkawarin ninka kuɗi a kwana 30, har mutane suka fasa ofishinta a Ibadan don takaici. Uwar su duka kuwa ita ce OneCoin ta Ruja Ignatova, 'yar Bulgeriya, wadda ta tara sama da dala biliyan 4 daga ƙasashe da dama alhali babu kundin kirifto na gaskiya a bayan kuɗin nata. Ta ɓace a 2017, a 2022 FBI ta sa ta cikin mutum goma da ta fi nema ruwa a jallo.

Yanzu bari in sa hular malamin lissafi. Ɗauki kashi 27 a wata. Ka zuba sidi 1,000, ka bar riba tana hawa kan uwar kuɗi. Bayan wata 12 za ka tarar da sidi 17,600 da 'yan kai. Bayan shekara uku sun haura sidi miliyan 5. Wannan lissafi nakan ba ɗaliban aji uku na ƙaramar sakandare, su yi shi a kan allo, kuma kullum sai aji ya ɗauki dariya in amsa ta fito. Sai in tambaye su: mutumin da ya san hanyar mayar da dubu ɗaya miliyan biyar a shekara uku, me zai yi da kuɗin kokon mahaifiyarka? Me ya hana shi zuwa banki ya ci bashi a kan ruwa kaɗan ya ci ribarsa shi kaɗai? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

In lissafin a fili yake haka, me ya sa masu hankali ke faɗawa? Abin da na gani da idona shi ne, damfarar ba ta zuwa da baƙuwar fuska. Akwai wata dattijuwa a layinmu, uwar adashi ce ta mata fiye da ashirin, shekaru da yawa ba a taɓa jin ta da kowa ba. Ɗan ƙanwarta, wanda na koyar, ya nuna mata waya, lambobi suna hawa kullum safiya. Shi kansa ya zuba kaɗan, an biya shi sau biyu ta MoMo, saboda haka da zuciya ɗaya ya kawo mata maganar. Ta zuba nata, aka biya ta. Wata na uku ta zuba kwasar adashi gaba ɗaya, da niyyar ta mayar kafin ranar kwasa ta ci ribar. Ranar da ta je cirewa aka ce sai ta biya kuɗin tantancewa. Ta ranto ta biya. Kashegari shafin ya rufe, rukunin WhatsApp ɗin ma aka watse.

Yaron ya same ni a bakin makaranta, ido ya yi ja. Ya ce, "Ticha, wallahi ban cuce ta ba, ni ma nawa sun tafi." Na ce, "Na sani, ɗana. To wa ka sani a kamfanin?" Ya ce wani ne ya sa shi a rukunin. "Shi kuma wa ya sani?" Ya yi shiru. Dattijuwar nan sai da ta sayar da sarƙarta da keken ɗinkinta ta biya matan adashi, don ta ce gara ta rasa kaya da a kira ta maciya amana. Har yanzu ita da ƙanwarta gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Kun ga inda cutar take. Ɓarawon yana can wata ƙasa, ba wanda ya san sunansa, amma ya ari fuskar ɗan'uwa ya shigo da ita. Amanar da kakanninmu suka gina ciniki a kanta, ita ce yanzu tsanin da ake hawa a shiga ɗakunanmu. Wanda ya kawo ka ya zama mai gida ba tare da ya sani ba, mai gidan da bai san baƙonsa ba, ba shi kuma da abin biya. Shi ya sa ma suke ba da lada ga duk wanda ya kawo mutum: sunanka suke saye, da araha.

Adalci ne kuma a faɗi abin da ke tura mutane. Tsofaffinmu ba su manta 1982 ba, lokacin da gwamnati ta janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a. Daga 2017 zuwa 2019 an rufe bankuna da dama, a watan Mayu na 2019 kaɗai aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya 347. A watan Disamba na 2022 tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuɗin da ke ƙarƙashin katifa suna narkewa kamar ƙanƙara a rana. Ga samari da takardun makaranta ba aiki. Ba kwaɗayi ne kaɗai ba, akwai tsoro da matsi. Akwai kuma masu amfani da kirifto ta hanyar halal, suna karɓar aike daga 'yan'uwa a Turai ko suna biyan kaya a Sin. Ban zo in ce duk wanda ya taɓa shi ɓarawo ne ba.

Sai dai akwai wata magana mai ɗaci da ba zan tsallake ba. Kalmar da duk Ghana ke kiran damfarar intanet da ita, wato sakawa, daga bakinmu aka ɗauke ta, Hausa ce. Wasu yaranmu su ne ke zaune da waya tsakar dare suna yaudarar tsofaffin Amurka da Ingila da soyayyar ƙarya, a turo musu da kirifto. Yaro ba sana'a, ya shigo da mota, mu ce sam barka, ba mai tambaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba za mu yi kuka in an cuce mu, mu yi guɗa in namu ya cuto wani ba.

To, mene ne abin yi? Tambayoyin kakanninmu za mu koma wa. Kafin ka zuba ko pesewa ɗaya, tambayi wane ne mai gida: ina ofishinsu, wa ke da shi, yana da lasisin Bankin Ghana ko na hukumar SEC? A watan Disamba na 2025 majalisa ta amince da dokar da ta wajabta wa masu hada-hadar kirifto yin rajista, saboda haka tambayar lasisi ba rashin kunya ba ce. Ka kuma bincika wurin hukumar da kanka, domin takardar shaida a waya kowa na iya zana ta. Sannan tambayi daga ina ribar ke fitowa. In an ce wata na'ura ce mai basira da ba ta faɗuwa, tashi ka kaɗe rigarka, don babu kasuwar da ba a faɗuwa a cikinta. In an yanka maka riba tabbatacciya kowane wata, ko an ce sai ka kawo mutum, ko an ce sai ka biya kafin ka cire naka, magana ta ƙare. An biya ka sau ɗaya ko sau biyu ba hujja ba ce, tsaba ce ake watsa wa kaza. In kuwa kana da asusun kirifto na gaskiya, kalmomin sirrin nan 12 ko 24 kada ka faɗa wa kowa, kada ka ɗauki hotonsu a waya, haka ma lambar sirrin MoMo.

Mafi girma duka, kada ka zuba kuɗin da ba naka ba: na adashi, na marayu, na makarantar yara, na kujerar Makka. Kada kuma ka kai ɗan'uwanka inda kai ba za ka iya tsaya masa ba. Wanda abin ya riga ya same shi, ya daure ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EOCO ko hukumar tsaron intanet, ya kuma faɗa wa maƙwabta. Kunyar da ke sa mu rufe baki ita ke ba ɓarawo damar shiga gida na gaba. A yi hattara kuma da masu zuwa daga baya su ce za su ƙwato maka kuɗinka in ka ba su wani abu, yawancinsu ƙannen na farko ne.

Ina roƙon sarakunan Zongo da limamai da 'yan'uwana malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin mata, a riƙa ɗauko wannan magana a wurin suna da biki da taron iyayen yara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya tsare mana dukiya da zumunci, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da mafi alheri. Sai wata mai zuwa, in muna da rai.