Naman da ba na gwangwani ba

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma labarin abinci muka kawo muku daga unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok, inda muke zaune da uwargida shekara huɗu ke nan.

A benen da muke haya akwai wani dattijo Bayahude, ƙofarsa na kallon tamu. Baba muke ce masa, ya kuma karɓi sunan. Shi ya koya mana karanta takardar kuɗin wuta, shi ya kai mu asibiti da motarsa daren da zazzaɓi ya rufe ɗanmu. Matarsa ta rasu bara. Muka shiga muka yi masa gaisuwa irin ta gida, muka zauna shiru, bai san me zai yi da mu ba, mu ma haka. Bayan wata takwas sai ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce ranar Lahadi zai kai mu mu ci corned beef a inda ya saba zuwa da ita.

Muka amsa da murmushi, muka rufe ƙofa, hankali ya tashi.

Abu na farko, mu a saninmu wannan suna na naman gwangwani ne, irin Exeter ɗin nan da ake buɗewa da ɗan makulli, jan nama dagargajajje mai kitse a daskare, wanda ake soyawa da albasa a zuba a taliya. Muka ce ashe a Amurka ma har gayya ake yi a kansa. Abu na biyu ya fi nauyi: wa ya yanka? Muka tambayi malamai biyu a masallacinmu. Ɗaya ya kawo aya ta 5 a Suratul Ma'ida kan abincin Ahlul Kitabi, ya ce yankan Yahudawa masu kiyaye dokarsu ya halatta. Ɗayan ya ce barin abin da ke da kokwanto ya fi. Mun kwana biyu muna juya maganar. Muka ɗauki fatawar na farko, kuma ba za mu ɓoye muku ba, fuskar Baba a bakin ƙofa tana cikin abin da ya rinjaye mu.

Gidan abincin sunansa Liebman's, a Riverdale, kan titi na 235, kuma tun 1953 yake nan. Baba ya ce lokacin yana yaro irin waɗannan shaguna sun cika Bronx, a faɗin birnin kuwa sun haura dubu a shekarun 1930. Yanzu na Bronx sun watse, saura wannan. Kafin mu zauna aka ajiye mana kwanon kokwamba da aka tsuma a ruwan gishiri da tafarnuwa. Uwargida ta gatsa ɗaya, ido ya kawo ruwa, ta daure ta haɗiye.

Da aka kawo abincin muka gane mun yi wa sunan mummunar fahimta. Burodi ne yanka biyu, na hatsin da suke kira rai, ɗan tsami-tsami da ƙamshin wani iri a cikinsa. Tsakaninsu nama ne yankakke siriri-siriri, an jera shi ya kai tsayin yatsu huɗu, yana tururi, launinsa ja mai haske. Ba latas, ba tumatir, ba komai sai mastad da mutum zai shafa da kansa. Burodin kamar don a samu wurin riƙewa kawai aka sa shi.

Baba ya yi mana bayani yana shafa mastad. Naman ƙirjin sa ne. Ana jiƙa shi kwanaki a ruwan gishiri da kayan ƙamshi, sannan a dafa shi awanni a wuta kaɗan har jijiyarsa ta saki. Jan launin daga wani gishiri na musamman ne da ake sawa don kada naman ya lalace. Kalmar corn ɗin kuma ba ruwanta da masara, manyan ƙwayoyin gishiri ake nufi a tsohon Turanci. Ƙirji kuwa suka riƙe saboda akwai wata jijiya a cinyar dabba da dokarsu ta hana ci, cire ta aiki ne, shi ya sa mahautansu a Amurka suka fi sayar da gaban sa. Nama ne mai tauri da arha, na baƙi talakawa. Har 'yan Ailan da suka zo birnin a ƙarni na 19 wurin mahautan Yahudawa suka riƙa saye, ya zama abincin bikinsu.

Mu da muka taso da kilishi mun san dabarar hana nama ruɓewa, sai dai mu rana muke ba wa aikin, su kuma gishiri. A baki abin ya bambanta sosai. Wannan ba ya neman haƙori, narkewa yake, gishirin ya fara zuwa, kitsen ya biyo, mastad ya tsaga tsakani ya hau hanci. A nan ne kokwambar ta yi ma'ana. Ra'ayinmu dai, yaji ya rage masa, amma ba mu faɗa ba.

Sai muka yi katoɓara. Muka kira mai kawo abinci muka ce a ba mu shayi da madara. Ya dube mu, ya dubi Baba. Baba ya fashe da dariya, karo na farko da muka ji dariyarsa tun rasuwar. A gidan da ake dafa nama bisa dokarsu madara ba ta shiga ko ƙofa, balle cuku ko man shanu. Mu da muka zo muna ɗar-ɗar da abin da za a ba mu, sai ga shi mu ne muka nemi abin da ya haramta a wurin. Aka kawo baƙin shayi da lemun tsami.

Ya ci rabin nasa ya tsaya. Ya ce shekara arba'in ɗaya suke saya su raba, ita ta ɗauki ɓarin da ya fi kitse. Ya tura farantin gabanmu. Cikinmu ya cika fam, amma uwargida ta ɗauka ta raba mana biyu, muka cinye yana kallo.

A hanyar komawa muka ce saura shi ya zo ya ci tuwo. Ya ce zai zo, amma a yi masa da kifi, kuma kifin ya zama mai ɓawo. Tarwaɗar da muka ɓoye a firiza don baƙo ta faɗi ke nan. Ranar Asabar muka tafi kasuwa neman karfasa, uwargida na ta lissafin yadda miyar kuka za ta kasance ba nama, ba tarwaɗa.